Kokowa ta girmi Takobi

Matasa da yawa a Maraɗi sun ɗauka kokowa ta fara ne a 1975, shekarar da aka buɗe gasar Takobin Ƙasa a Tahoua zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché. Ba a rasa dalili ba: ɗan Maraɗi ne, Yacouba Ango da ake kira Kantu, ya ɗauki takobin farko, kuma filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi.

Amma Kantu a ƙauye ya koyi kaye, kamar sauran 'yan zamaninsa. Tun kaka da kakanni, da an gama girbin hatsi an cika rumbu, samarin wannan gari kan tafi wancan. Makaɗa su kafa ganga, ɗan kokowa ya fito da layu a damtse yana kirari, 'yan mata na kallo. Ladan wanda ya yi kaye suna ne, wani lokaci har da aure.

Abin da gwamnati ta ƙara shi ne tsari: alƙalan wasa, iyakar lokaci, ƙungiyar kowace jiha, da kyautar kuɗi. Rediyo kuma ya kai sunan zakara har inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.