Kundin waiwaye: ɗumame ne ko sabon girki?

Kundin waiwaye, wanda Turawa ke kira retrospective, faifai ne ko tarin fayafayai da ake haɗawa bayan ƙungiyar mawaƙa ta daɗe tana aiki, ko ma ta watse. A tsinto waƙoƙinta tun daga farko, a jera su yawanci bisa shekarun da suka fito. Masu kushe shi kan ce ɗumame ne, kamfani ya ɗora tuwon jiya a wuta ya sake karɓar kuɗi. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma ga masoyan The Jam abin ba haka yake ba.

The Jam samari uku ne daga garin Woking na Ingila: Paul Weller, Bruce Foxton da Rick Buckler. Su ne kan gaba wajen farfaɗo da salon mod a ƙarshen shekarun 1970, wato gayun matasan Landan na shekarun 1960, masu ɗamammun kwat da baburan Vespa da Lambretta. Kundi shida suka yi tsakanin 1977 da 1982, sai Weller ya rusa ƙungiyar tana tsakiyar tashe.

To, a wancan zamanin ƙaramin faifan garmaho ne sarki. Waƙa ɗaya a gaba, wata a baya. The Jam kuwa suna da ɗabi'ar sakin manyan waƙoƙinsu a ƙaramin faifai kaɗai. Going Underground, wadda ta hau lamba ɗaya a Birtaniya a 1980, ba ta cikin ko ɗaya daga kundin shidan da aka fitar a can. Haka Strange Town, haka Beat Surrender da suka yi bankwana da ita. Kenan mutum zai iya mallakar dukkan kundin, ya jera su a kanta yana taƙama, alhali rabin abin da aka san ƙungiyar da shi ba ya gidansa.

Wannan giɓi kundin waiwayensu mai suna Snap! ya cike a 1983. Faifai biyu ne, waƙoƙi 29. Ni abin da ya fi burge ni da shi bai wuce waƙoƙin bayan faifai ba, waɗanda gidan rediyo bai cika waiwaya ba. Smithers-Jones misali ce mai kyau. Foxton ne ya rubuta ta, labarin ma'aikacin da ya kama jirgin safe zuwa ofis aka sallame shi daga aiki. A kundin Setting Sons da kayan goge aka yi ta, a bayan ƙaramin faifai kuwa da jita da ganga. Wanda ya san guda ɗaya bai gama saninta ba.

Jerin shekarun ma karatu ne. Ka fara da hargowar yara ta 1977, kafin ka juya faifai na biyu ƙaho ya shigo, kiɗan soul na baƙaƙen Amurka ya mamaye. Daga baya kundin Extras ya zo a 1992 da gwaje-gwajen da ba a taɓa saki ba, sannan akwatin CD biyar a 1997, wannan kam sai wanda abin ya shiga jininsa.

Mai saye dai ya duba bayan kwali. Da aka mayar da Snap! kan CD guda, sai aka zubar da waƙoƙi takwas don ya shiga, aka kira shi Compact Snap!. Cikin waɗanda aka yar har da The Butterfly Collector da Tales from the Riverbank, duka biyun na bayan faifai.