Sashe na 39: abin da doka ke nema daga duk mai ajiye bayanan mutane a kwamfuta

A Sakkwato, mai shagon intanet da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a Mabera, da mai makarantar kuɗi a Arkilla, da mai ɗakin gwajin jini a Runjin Sambo, duk suna riƙe da dukiyar da ba tasu ba: sunayen mutane, lambar NIN, hotuna, lambobin waya, wani lokaci har da sakamakon gwajin cuta. Tun watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, tsare wannan amana ya zama wajibi a gaban doka. Hukumar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, wato NDPC, ce ke sa ido. Wanda ke ajiye bayanai don harkar gidansa kawai, kamar lambobin dangi a waya, dokar ta ɗauke masa. Mai sana'a kuwa, komai ƙanƙantar shagonsa, yana ciki.

Sashe na 39 shi ne ke magana kan tsaro. Ya ce mai riƙe da bayanai ya ɗauki matakan da suka dace, na fasaha da na tsarin aiki, don kada bayanan su ɓace, ko a sauya su, ko su faɗa hannun wanda bai da hurumi. Bai ce a sayi manhaja kaza ba, bai kuma faɗi tsawon kalmar sirri ba. Abin da ya yi shi ne ya ba da ma'auni: a dubi yawan bayanan da girman sirrinsu, a dubi irin cutarwar da za ta sami mai su idan suka fita, a dubi tsawon lokacin da za a ajiye su, sannan a dubi tsadar kayan kariya gwargwadon ƙarfin mai sana'a. Wannan na ƙarshe adalci ne. Ba a neman mai shago ɗaya ya kashe kuɗin da banki ke kashewa. Amma kuma ƙarancin jari bai zama hujjar zama haka nan ba, domin mafi yawan gyaran da ake buƙata ba ya cin ko sisi.

Auna haɗari, wanda sashen ya ce a riƙa yi lokaci-lokaci, ba aikin manyan masana kaɗai ba ne. Ka ɗauki takarda ka rubuta: waɗanne bayanai nake da su, a wace na'ura suke, wa ke iya taɓa su, me zai iya faruwa da su, kuma idan ya faru wa zai kwana a ciki? A Sakkwato amsar ba kullum ɓarawon intanet daga wata ƙasa ba ce. Sau da yawa filashin da kwastoma ya kawo ne ɗauke da cutar kwamfuta. Ko yaron shago da aka sallama amma har yanzu ya san kalmar sirri. Ko zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ɗauke wuta ba zato, su kashe rumbun kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai na shekara da shekaru. Dokar ta lissafa hanyar dawo da bayanai bayan haɗari cikin matakan tsaro, don haka wanda bai da kwafi na biyu a wani wuri daban zai yi wuya ya nuna ya cika sharaɗi, ko da ba a taɓa yi masa kutse ba. Bayan ka rubuta, sai ka fara da abin da ya fi yiwuwa kuma ya fi ɓarna. Sakamakon gwajin cuta, wanda dokar ta sa cikin bayanai masu tsananin sirri tare da na addini da ƙabila da zanen yatsa, yana gaban jerin sunayen masu sayen kati.

To, ka san haɗarinka, ta ina za ka fara gyara? Nan ne ma'aunan tsaro suke shigowa. Kwamfuta sabuwa tana zuwa ne a saite don sauƙin amfani, kamar sabon gida da magina suka bari ƙofofi da tagogi a buɗe. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Center for Internet Security, wadda ake taƙaitawa CIS, tana fitar da kundaye kyauta masu bayyana saiti ɗaya bayan ɗaya na Windows da Linux da Android da sauransu: me za a rufe, me ya sa, yaya ake yi. A na Windows akwai cewa kalmar sirri kada ta gaza haruffa 14, allo ya kulle kansa idan an bar shi minti 15, a kashe asusun baƙo, a hana filashi buɗe kansa da zarar an soka shi. Mataki na ɗaya na kundin an tsara shi ne yadda ba zai hana aiki tafiya ba. Na biyu ya fi tsauri, na wuraren da sirri ya yi nauyi. Dokar Najeriya ba ta ambaci CIS da suna ba. Amma ranar da hukuma ta tambaye ka me ka yi, takardar da ke nuna ka bi sanannen ma'auni, da ranar da ka yi, ta fi rantsuwa amfani.

Sabunta matakan tsaro a kai a kai ma yana cikin sashen, kuma sabunta manhaja shi aka fi rainawa saboda yana cin data. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Duk wanda ke ajiye bayanan marasa lafiya a kan irin waɗannan, a ganina, zai sha wuyar kare kansa.

Idan ɓarna ta auku, sashe na 40 ya ba da awa 72 daga lokacin da ka sani ka sanar da NDPC, matuƙar abin zai iya cutar da masu bayanan; idan haɗarin babba ne, su ma a gaya musu nan take. Tarar tana sashe na 48, kuma ga iyakar abin da za ta iya kaiwa: manyan masu riƙe da bayanai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar bara, duk wanda ya fi yawa, sauran kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Kada kalmar "manya" ta ruɗe ka, domin hukumar ta sa iyakar a kan bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida, kuma makarantar firamare mai matsakaicin girma ta wuce haka. Wanda aka yi sakaci da bayanansa yana da damar kai ƙorafi hukumar, yana kuma iya neman diyya a kotu.