Ta yaya za a koya wa yaran Kano tarihin garinsu daga tushe?

Me ake nufi da koyarwa daga tushe?

Shi ne a haɗa yaro da abin da mutanen wancan zamanin suka bari da hannunsu: wasiƙa, takardar haraji, hoto, waƙa, gini, ko bakin wanda aka yi abin a gabansa. Yaro zai iya haddace cewa Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma wanda aka shiga da shi Kasuwar Kurmi, ya bi lungunanta, ya ji cewa tun zamanin Rumfa ake ciniki a nan, da wuya abin ya fita daga ransa.

A ina malami zai samu irin waɗannan abubuwa?

Kano ba ta da talaucinsu. Ga gidajen adana kayan tarihi, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ga Mambayya a Gwammaja inda Malam Aminu Kano ya zauna. Akwai kundin tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Karofin Ƙofar Mata ma aji ne: yaro ya tsaya bakin rami, ya ga yadda ake tsoma ƙyalle a ruwan baba, a ɗaga ya sha iska, ya koma shuɗi a kan idonsa. Abin da ke ci mini rai shi ne ganuwa, wadda aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, yau ana ta cin ta da gine-gine. A kai yara su ga abin da ya rage.

Labarin tsofaffi abin dogaro ne? Ai suna mantuwa.

Suna yi, har su haɗa shekaru. Amma akwai abin da babu takardar da ta rubuta shi. Littafi zai ce jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Dattijon da ya yi dako ne kaɗai zai gaya maka yadda ake hawa dalar gyaɗa da buhu a ka, da abin da ake biya. Tarihin mata kuwa, na kulle da aure da sana'ar cikin gida, kusan duk a bakin kakanninmu yake.

Dabarar tana wajen tambaya. Kada yarinya ta ce, "Kaka, ba ni tarihi." Ta ce, "Kaka, lokacin canjin kuɗi kina wane gida? Nawa ake sayar da mudun gero?" Da yake an san a 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, labarin ya samu turke ke nan. Haka canjin hannun tuƙin mota na 1972.

To idan labarai suka saɓa fa?

A wurina nan ne karatun yake. Ɗauki 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano Sarki Alu ba ya gari, Waziri Ahmadu ya rasu a gwabzawar Kwatarkwashi. Rahoton Bature daban, abin da Kanawa ke faɗa daban. A ajiye wa ɗalibai duka biyun, a tambaye su: wa ya faɗa, wa yake gaya wa, me yake so a yarda da shi? Batun basasar Tukurawa da Yusufawa, wato yaƙin sarautar Kano tsakanin magoya bayan Tukur da na Yusufu, kuma a bi shi da ladabi, domin jikokin ɓangarorin biyu suna iya zama a benci ɗaya.

Makarantar da ba ta da kuɗin mota fa?

Ta fara da unguwarta. Me ya sa ake cewa Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Sharifai? Kowane ɗalibi ya je wurin mai unguwa ko limami ya tambayo. A nemi izinin dattijo kafin a ɗauki muryarsa a waya, tsohuwar takarda kuma a ɗauki hotonta a bar wa masu ita abarsu.