Ruwa kaɗai baya wanke hannu, ga dalili

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai abinda nake gani kusan kullum a wajen aiki kuma wallahi yana damuna, mutum zai fito daga banɗaki ya buɗe famfo ya tara hannu kamar ƙiftawar ido, ya yarfe, ya goge a jikin riga, shi a ganinsa ya gama. In nace malam ga sabulu nan fa, sai yace ai hannun ba datti. Eh ido bai ga komai ba, amma abinda muke gudu ai dama ba na ido bane.

Akwai wani awo da masana ke kira nanomita, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya ka ɗauki kashi guda. Kaurin silin gashin kai yakan kai wajen nanomita 80,000, shi kuwa bairos ɗin korona duk girmansa kusan 100 ne. To abu in ya ƙanƙance haka nauyi baya masa komai, bazai faɗo daga hannunka don ka yarfe ba. Abinda ke iko a can shine mannewa.

Mannewar kuma iri biyu ce. Akwai ɗauri mai ƙarfi wanda ke haɗa atam da atam, wato ƙananan ɓarɓashin da komai ya ginu dasu, su zama abu guda, kamar yadda haidurojin 2 da oksijin 1 suka haɗu suka bada ƙwayar ruwa, wannan babu wankin hannun da zai taɓa shi kuma bama buƙatar a taɓa shi. Sai kuma wani ɗan jan juna mara ƙarfi dake tsakanin ƙwaya da ƙwaya idan sun kusanci juna sosai, ana kiransa da sunan wani masani ɗan ƙasar Holan, van der Waals, wanda ya samu kyautar Nobel a 1910. Duk wanda ya taɓa kallon tsaka tana tafiya a jikin gilashi ko ta maƙale a silin kanta a ƙasa ya ga aikinsa. Babu gam a ƙafarta ko ɗigo, wasu gasusuka ne ƙanana birjik, kowanne ya rarrabu ɗaruruwa, kowanne yana ɗan jan bangon kaɗan. Tsinke ɗaya baya shara, amma da suka taru sai gashi sun riƙe tsaka guda. Ni dai duk sanda na ganta sai na tuna da tafin hannu, domin irin wannan riƙon yana cikin abinda ke liƙa datti da ƙwayoyin cuta a fata.

Fatarmu kuma kullum tana fitar da maiƙo, halitta ce, ba ƙazanta bace. Cikin wannan maiƙon da lungunan fata ƙwayoyin suke lafewa. Shi kuwa ruwa ƙwayoyinsa junansu suka fi so, kowace tana da ɓangare mai ɗan cajin lantarki iri ɗaya da wani mai kishiyarsa, sai su riƙa kama juna kamar maganaɗisu suna ture mai gefe. Shi yasa in hannunka da mai ka zuba ruwa sai kaga ya dunƙule ya gangara ya barshi a nan.

Anan sabulu ke shigowa. Ƙwayar sabulu ka ɗauketa kamar tsinken ashana, kai da jela. Kan yana son ruwa, jelar kuma bata shiri da ruwa sam, maiƙo take nema. Da ka fara cuɗawa jelolin sai su lume cikin maiƙon, su ɓanɓaro shi ƙanana ƙanana, su kewaye kowane ɓarɓashi kamar ƙwallo kawunansu na waje, to da ruwa yazo sai ya kama kawunan ya tafi da komai harda abinda ke ciki. Wani abin daɗin ma, bairos irin na korona da na mura mai zazzaɓi rigar da suka lulluɓa da ita ta kitse ce, kuma ba ɗauri mai ƙarfi ne ya haɗata ba, wancan raunannen ne. Jelar sabulu tana kutsawa ciki ta yaga rigar, shikenan ya daina iya kama kowa.

Amma fa abin yana son lokaci, kuma anan mutane ke faɗuwa. Aƙalla daƙiƙa 20 kana cuɗawa, dan Allah ka gwada ƙirgawa sau ɗaya zakaga tafi yadda kake zato tsawo. Bayan hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, da babban yatsa wanda kusan kowa ke mantawa dashi. Iyaye mata, in kina wanke wa yaro ki riƙe hannunsa cikin naki ki cuɗa masa, kar ki barshi yayi wasa da kumfa kawai. Ba sai ruwan zafi ba, kuma ba sai wani sabulu na musamman ba, na gama gari ya isa.

Sanitaiza tana da amfani inda babu ruwa, indai alkohol ɗin cikinta ya kai kashi 60 cikin 100. Sai dai bata ɗauke datti, in hannu ya yi maiƙo ko ƙasa bata ratsawa yadda ya kamata, kuma akwai irinsu norobairos mai kawo amai da gudawa da basu da rigar kitsen nan, su sanitaiza bata cika cin ƙarfinsu ba sai dai sabulu da ruwa su kwashe su.

In an ɗauraye a busar da hannun da tsumma mai tsabta ko a barshi ya sha iska, jiƙaƙƙen hannu yafi saurin ɗauka da rabawa.