Lambun gida a tudun Jos

Lambun gida a tudun Jos noman kayan miya da ganyaye ne a bayan gida ko a bakin kududdufi, na ci da na ɗan sayarwa. Birnin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma wannan tsayin ne ya ba shi sanyin da yawancin garuruwan arewa ba su da shi. Ruwan sama yakan kai milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. A daren hunturu awon zafi yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Shi ya sa dankalin turawa, kabeji, karas, latas da koren wake suke yi sosai a nan.

Tarihi

Lambun Jos ya taso ne tare da haƙar kuza. Kamfanonin Turawa sun fara aiki a yankin Naraguta wajajen farkon ƙarni na 20, suka jawo leburori daga ƙasar Hausa da sauran wurare. Turawan suna neman ganyayen da suka saba ci a gida, masu lambu kuwa, da yawansu Hausawa, suka kama bakin kogin Dilimi suna ban ruwa da jigo. Akwai saɓani kan wanda ya fara kawo dankalin turawa: wasu sun ce 'yan mishan, wasu sun ce mahaƙa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa nomansa don ciyar da sojoji, daga nan ya kafu a Bokkos, Mangu da Barikin Ladi.

Da kasuwar kuza ta mutu, sai ramukan da aka bari suka cika da ruwa, suka zama jarin noman rani. Injin ban ruwa mai shan fetur ya ture jigo wajajen shekarun 1980.

Ƙasa da taki

Ƙasar tudun tana da tsami, wadda aka haƙe kuza a cikinta kuma ta gaji. Masu lambu sun daɗe suna gyara ta da toka da kashin kaji. Tokar itace ta fi ta juji aminci, domin jujin birni yana ɗauke da batir da leda. Taki sai ya ruɓe kafin a zuba; ɗanyensa yana ƙona tsiro, yana kuma sa karas ya rabu biyu ko uku.

Damina

Ana shuka dankali da zarar ruwa ya zauna, a ƙarshen Afrilu ko Mayu. Iri mai girman ƙwan kaza wanda ya fid da tsiro ake binnewa, zurfin santimita 10, tazarar santimita 30 a kan kunya. Bayan mako uku zuwa huɗu a tara ƙasa a gindi, don dankalin da rana ta taɓa kore yake yi, ba ya ciyuwa. Yakan nuna cikin kwana 80 zuwa 90.

Wanda ya makara da shuka zai gamu da cutar ƙonon ganye a Yuli da Agusta, lokacin da sanyi da danshi suka haɗu. Tabo baƙi-baƙi ke fitowa a ganye, da farar furfura a ƙarƙashinsa, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye lambu. Feshin maganin Mancozeb duk mako riga-kafi ne, ba ya tayar da abin da ya riga ya kamu. Inda dankali ya yi yaushi alhali ƙasa na da ruwa, a tuge shi a ƙone, kada a mayar da dankali, tumatir, tattasai ko gauta wurin sai bayan shekara uku.

Rani

Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne kabeji ya fi kyau. Ana renonsa mako huɗu zuwa biyar, a dasa da yamma idan ya yi ganye huɗu ko biyar, tazarar santimita 45 zuwa 60. In ya ƙulla kai aka bar shi da ƙishi sannan aka cika masa ruwa, fashewa yake yi. Karas ba a dasa shi. Ana yafa irin a layi, zurfin santimita 1, a rage tsiron zuwa tazarar santimita 5. Iskar hunturu na busar da fangali da sauri, don haka a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa.

Bazara

Zafin Maris yana sa latas ya yi tsiri, ganyen ya yi ɗaci. Ruwan farko kuma yakan zo da ƙanƙara, saboda haka ana yi wa wurin reno rumfar ciyawa.