Wythenshawe: Rukunin Gidajen da Aka Gina a Gandun Iyalin Tatton

Wythenshawe, wadda mazaunanta ke furtawa kamar "Widinsho", babbar unguwa ce a kudancin birnin Manchester na ƙasar Ingila, a ƙetaren kogin Mersey. Faɗinta ya kai murabba'in mil 11, kuma ana lissafa ta cikin rukunan gidajen hukuma mafi girma a Turai. Kafin 1926 yawancin wurin gonaki ne da makiyaya da ƴan ƙauyuka, akasarinsu mallakar iyali guda, wato iyalin Tatton. Sunan ya samo asali ne daga tsohon Turanci, ma'anarsa ɗan kurmin wata bishiya mai son bakin ruwa.

Gandun da masu shi

A tsohon tsarin Ingila, mai gandu yakan zauna a katafaren gida a tsakiyar ƙasarsa, manoma kuma su yi noma a kewaye suna biyan sa haya. Gado ne da ke bin jini, daga uba sai babban ɗa. Iyalin Tatton sun sami wannan ƙasa ta hanyar aure a ƙarni na 14. A wajajen 1540 Robert Tatton ya gina gidan da ake kira Wythenshawe Hall, ginin katako irin na zamanin, mai baƙaƙen ginshiƙai a jikin farin bango.

A yaƙin basasar Ingila mai gidan na lokacin, shi ma Robert Tatton, ya tsaya bayan Sarki Charles na Ɗaya, alhali Manchester tana tare da Majalisar Dokokin ƙasar. Dakarun Majalisa ƙarƙashin Robert Duckenfield suka yi wa gidan ƙawanya a hunturun 1643 zuwa 1644. Bai miƙa wuya ba sai a watan Fabrairun 1644, bayan an jawo igwa biyu daga Manchester. An ƙwace gandun, daga baya ya biya tara aka mayar masa. Wani abin dariya shi ne, tun 1968 mutum-mutumin Oliver Cromwell, jagoran ɓangaren da ya ci gidan da yaƙi, yake tsaye a filin gidan. An ɗauko shi ne daga tsakiyar birni saboda ya tare wa motoci hanya.

Yadda ƙasar ta koma hannun birni

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Manchester ta cika ta batse. A unguwannin ma'aikatan masaƙu irin su Hulme da Ancoats iyalai na cunkushe a tsofaffin gidaje masu danshi, hayaƙin kwal ya rufe sama, tarin fuka na ta ɗaukar rayuka. Dokar gidaje ta 1919 ta ɗora wa majalisun birane nauyin gina wa talakawa muhalli, amma Manchester ba ta da sauran fili a cikin iyakarta. A 1920 masanin tsara birane Patrick Abercrombie ya duba ƙasar Tatton, ya ce ita ce mafi dacewa.

Mai gandun, Thomas Egerton Tatton, ya ce sam ba zai sayar ba, kuma har ya mutu a 1924 bai sauya magana ba. Magajinsa, Robert Henry Grenville Tatton, da harajin gado ya hau kansa, shi ya buɗe ƙofar ciniki. Duk da haka majalisar birnin ta yi ta jan ƙafa. A nan ne Ernest Simon, attajirin masana'antu kuma tsohon magajin garin Manchester, da matarsa Shena Simon suka sayi gidan da eka 250 na filin da ke kewaye da shi da kuɗinsu, suka ba birnin kyauta a 1926 domin ya zama wurin shaƙatawar jama'a. Kyautar ta zaburar da majalisa, a shekarar ta sayi fiye da eka 2,500 na sauran gandun. William Jackson, ɗan majalisar birnin na jam'iyyar Leba, shi ya riƙe ragamar aikin a cikin majalisar.

Sayen ƙasa daban, mulkinta daban. A lokacin yankin yana ƙarƙashin lardin Cheshire ne, kuma hukumomin karkarar wurin ba su yi maraba da a kwararo musu dubban talakawan birni ba. Yunƙurin farko na faɗaɗa iyaka ya sha ƙasa a Majalisar Dokoki. Sai a 1931 aka shigar da Northenden da Baguley da Northen Etchells cikin Manchester, gini ya kankama gadan-gadan.

Tsarin Barry Parker

Wanda aka damƙa wa zanen garin shi ne Barry Parker, wanda tare da Raymond Unwin suka tsara Letchworth, gari na farko cikin waɗanda ake kira "birnin lambu". Manufar ita ce mutum ya sami aikin birni da iskar ƙauye a wuri guda. An ƙiyasta garin zai ɗauki mutum 100,000.

Parker ya ƙayyade kada gidaje su wuce 12 a kowace eka. Kowane gida da ɗan lambunsa gaba da baya, da shingen shuka maimakon katanga. Ya kasa garin unguwa-unguwa, kowace da makarantar firamare a tsakiya, don kada yaro ya tsallaka babban titi in zai je aji. Ya ware wa masana'antu wuraren kansu, kamar Sharston da Roundthorn. Bai kuma share ƙasar ƙaf ba: ya bar tsofaffin bishiyoyi da tafkuna da kurmin gandun yadda ya same su, ya sa tituna suna karkacewa suna bi ta gefensu. Shi ya sa har yau mai tafiya a unguwar yakan ci karo da katon itace da ya girmi duk gidajen layin. Daga Amurka ya aro dabarar babban titi mai faɗi da shuke-shuke a gefe biyu, ba gida ko shago a bakinsa, wanda ya zama Princess Parkway.

Zuwa 1939 an gama gidajen majalisa sama da 8,000. Ga wanda ya taso a ɗaki ɗaya da ban-ɗaki na tarayya a tsakar gida, samun bahon wanka da famfo a cikin gida da fili na shuka kabeji ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai hayar ta fi ta tsofaffin unguwanni tsada, ga kuɗin bas zuwa wurin aiki a cikin birni. Saboda haka waɗanda suka fara tarewa galibi masu ɗan abin hannu ne cikin ma'aikata, wasu kuma da nauyin ya fi ƙarfinsu suka tattara suka koma inda suka fito.

Gari ba kasuwa

Babban aibin Wythenshawe shi ne an gina gidaje an bar cibiyar gari a takarda. Shaguna kaɗan ne, wuraren taruwa ma haka, mata sukan dogara da motocin ƴan tireda masu zagayawa ko su yi doguwar tafiya cefane. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aiki. Bayan yaƙin aka koma aiki, amma Parker ya rasu a 1947, kuɗi ya yi ƙaranci, jerin masu jiran gida ya yi tsawo. Sai aka shiga gina unguwanni irin su Woodhouse Park da Newall Green cikin hanzari, da benaye da gidajen da ba su kai na farko inganci ba. Jama'a ta kusa kai 100,000 a shekarun 1960, a lokacin ne kuma aka fara gina cibiyar kasuwanci. Zauren Forum, mai ɗakin karatu da wurin ninƙaya da dandalin wasan kwaikwayo, sai a 1971 aka buɗe shi, shekara 40 bayan shigar yankin cikin birni. A farkon shekarun 1970 aka mayar da wani sashe na titin Parker babbar hanyar mota ta M56, wadda ta raba unguwar biyu.

Rushewar masana'antu a shekarun 1970 da 1980 ta jefa mutane da yawa cikin zaman kashe wando. A ƙididdigar gwamnati ta 2000, mazaɓar Benchill ce ta zo ta ɗaya a talauci a duk Ingila. Wata doka ta 1980 ta ba ƴan hayar gidajen majalisa damar sayen gidajen da suke ciki, sauran kuma aka miƙa su ga ƙungiyoyin kula da gidaje guda biyu, waɗanda suka haɗe a 2013 suka zama Wythenshawe Community Housing Group. Manyan wuraren aiki a yau su ne filin jirgin saman Manchester, wanda aka buɗe a Ringway a 1938, da Asibitin Wythenshawe, wanda tushensa asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa ne da aka buɗe a Baguley a 1902. Jirgin ƙasa na cikin gari ya iso unguwar a 2014. Ɗan ƙwallo Marcus Rashford a nan ya girma.

Abin da ya rage na gandun

Tsofaffin gidajen masu gandu a yankin kowanne da ƙaddararsa. Baguley Hall, ginin katako na ƙarni na 14, yana nan tsaye a tsakiyar gidajen majalisa. An rushe Sharston Hall, Peel Hall kuwa ginin ya ɓace, amma ganuwar ruwan da ta kewaye shi tana nan. Sunan iyalin Simon ya tsira a titin Simonsway.

Shi kuwa Wythenshawe Hall, majalisa ta rufe shi a 2010 saboda tsuke bakin aljihu, wasu ƴan sa-kai na unguwar suka riƙa buɗe shi ga baƙi daga 2012. A watan Maris na 2016 wani mutum ya cinna masa wuta cikin dare, rufin da hasumiyar agogo suka ƙone, kotu ta ɗaure shi. Gyaran ya ci sama da fam miliyan 6, aka sake buɗe gidan a 2022.