StopNCII

StopNCII shafi ne na intanet, na kyauta, da ke taimaka wa mutum ya tare yaɗuwar hotuna ko bidiyon tsiraicinsa da aka fitar, ko ake barazanar fitarwa, ba da yardarsa ba. Ƙungiyar SWGfL ta Birtaniya, da ke aikin kare mutane a intanet, mai tafiyar da layin agaji na Revenge Porn Helpline, ta buɗe shi a watan Disamba 2021 tare da kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram. Wannan tozarci ya fi yi wa mata ɓarna, domin idan hoto ya fita, mace ake nuna wa yatsa, a ƙyale wanda ya ci amanarta.

Hoton ba ya barin wayar mai shi. Idan ta zaɓi hoton a shafin, wayar ce ke fitar masa da wani jerin lambobi da haruffa da ake kira hash, wanda ya keɓanta da shi kamar zanen yatsa. Wannan jerin kaɗai ake tura wa kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook, Instagram, TikTok da Reddit. In wani ya ɗora hoton da ya dace da lambar, sai ma'aikatansu su duba, su cire shi idan ya saɓa wa ƙa'idarsu.

Daga cikin sharuɗɗan: mai ƙorafin ta kai shekara 18 tun lokacin da aka ɗauki hoton, ita ce a cikinsa, kuma hoton yana hannunta. Saboda haka kuskure ne a goge shi cikin ruɗu kafin a fitar da lambar. A ƙarshe shafin yana ba da lambar ƙorafi, a haɗa da lambar sirri, a adana su, don in sun ɓata ba a maido su.

Tsarin yana da giɓi babba. Ba ya aiki a WhatsApp, saboda saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, alhali ta nan ma irin waɗannan hotuna kan zagaya gari. Shafukan da ba su shiga yarjejeniyar ba su ma ba ya isa gare su. Bidiyon da aka yanke ko aka ƙara wa rubutu kuwa lambarsa tana canzawa, sai an shigar da sabon daban.

Wadda aka ɗauki hotonta tana ƙasa da shekara 18, Take It Down za ta nufa, shafin da cibiyar NCMEC ta Amurka, mai kare yara daga ɓata da cin zarafi, ke gudanarwa.